Dutsen da haƙuri ya dafa

Hausawa na cewa mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa. A wata unguwa ta birnin Maraɗi akwai wata dattijuwa da ba ta ƙaunar a yi wannan karin magana a gabanta. In baƙo ya kuskura ya yi, sai ta miƙe ta shiga ɗaka, ta buɗe adaka, ta fito da wata ƴar kwalba mai murfin roba, ta girgiza masa ita a kunne. Abin da ke kacau-kacau a ciki ɓaraguzan dutse ne masu launin ƙasa da ratsin ɗorawa, babbansu bai wuce ƙwayar gyaɗa ba. "Ga nawa dutsen nan," in ji ta. "Shekara goma sha ɗaya ina dafa shi. Romon ko, saura ƙiris ya kai ni kushewa."

Daga hanjinta aka fiddo wannan dutse a shekarar 2019, a wani asibiti na birnin Liyon a ƙasar Faransa, kuma ta baki aka fiddo shi, wuƙa ba ta taɓa jikinta ba. Yadda dutse ya shiga hanjin mutum, da yadda aka yi ya fita ta inda abinci ke shiga, labari ne da ya kamata a ɗauko tun daga tushe, domin tushen ya fi ƙarshen amfani ga mai karatu.

Hajiya, kamar yadda ake kiranta a unguwa, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ne sana'arta. Mijinta ya rasu a 2006, ya bar ta da ƴaƴa bakwai, huɗu ba su yi aure ba, kuma da turmi da kaskon suya ta ƙarasa ɗawainiyarsu. Tun asuba take bisa ƙafa: a soya gyaɗa, a murje, a kai inji, a matse tunkuza, a murza ƙuli a jefa cikin mai. Mace ce mai jiki, marar yawan magana, cikin matan nan da suka tashi da horon cewa ba domin tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Duk haihuwar da ta yi ba wanda ya taɓa jin muryarta daga bayan ɗaki, kuma da wannan ake yabonta a dangi.

Ciwon ya soma ne a 2008. Yakan zo bayan ta ci abinci mai maiƙo, galibi da dare: murɗa a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ta ratsa ta fita ta baya har allon kafaɗa, ta riƙe ta sa'a biyu ko uku da tashin zuciya, sa'an nan ta sake ta kamar ba a yi ba. Ta sha jar kanwa, ta sha tazargade, ta sha jiƙe-jiƙen da maƙwabta suka kawo. Daga baya ta koma ga ƙwayoyin nan ja da ɗorawa da samari ke yawo da su a tire, na dala biyar, na dala goma. Sau ɗaya tak ta je asibitin unguwa. Malamin asibitin ya danna mata ciki, ya ce mai yiwuwa olsa ce, amma bai tsaya nan ba, ya rubuta mata takarda ta je babban asibiti a yi mata eko, hoton nan na ciki da ake yi wa masu juna biyu. Ta ninke takardar ta tura ƙarƙashin kwalla. Dalilanta biyu ne. Auren wata ɗiyarta ya ƙarato, kowace jika tana da wurin zuwa. Sa'an nan ta san wata ƙawarta da aka yi wa hoto aka ce sai aiki, aka shiga da ita ɗakin fiɗa, ba ta fito da rai ba. A lissafin Hajiya, hoto shi ne zauren wuƙa.

A kakar 2014 ciwon ya zo da wata fuska. Zazzaɓi mai zafi ya kwantar da ita kwana takwas, gefen cikinta na dama ko zane ba ya so ya taɓa. Aka ce masassarar cizon sauro ce, tun da lokacinta ne. Ta sha magani, ta tashi, kuma abin mamaki tun daga nan murɗar ta yi sauƙi ƙwarai, sai jefi-jefi. Hajiya ta yi sadakar waina, ta ɗauka sun rabu ke nan. Likitocin da suka duba ta shekara biyar bayan haka sun yi zaton cikin waɗannan kwanaki takwas ne bango ya soma tsagewa.

Duk macen da ta taɓa gyaran kaza ta san matsarmama, ƴar jakar nan koriya da ke manne da hanta, wadda ake cirewa a hankali don kada ta fashe ta ɓata nama da ɗaci. Ɗan Adam ma yana da ita a ƙarƙashin hanta ta ɓangaren dama, tsawonta santimita 7 zuwa 10. Kowace rana hanta na yin ruwan ɗaci kimanin rabin lita ko fiye. Matsarmama ce ke tara shi, in abinci mai maiƙo ya iso sai ta matse ta tura shi hanji ta wata siririyar hanya, ya taimaka wajen narkar da mai. In abubuwan da ke cikin ruwan suka rasa daidaito, musamman in kitsen nan da ake kira kolestarol ya yi yawa, sai ya soma daskarewa, kamar yadda kanwa ke kwantawa in tafki ya ƙafe. Yashi ya zama tsakuwa, tsakuwa ta yi ta ƙara riga bisa riga shekara da shekaru. Mata sun fi maza kamuwa, balle masu jiki da masu yawan haihuwa da waɗanda shekaru suka ja. Masu amosanin jini kuma, ciwon da ya yawaita a Nijar, sukan yi wata irin baƙar tsakuwa tun suna yara, saboda yawan fashewar ƙwayoyin jininsu. A ƙasashen Turai aƙalla babba ɗaya cikin 10 yana ɗauke da tsakuwa, kuma mafi yawansu har su bar duniya ba ta dame su ba. Wadda ta soma ciwo ita ce abin kula.

Hanyar da ruwan ɗaci ke bi faɗinta bai wuce milimita 6 ko 7 ba, saboda haka babban dutse ba shi da mafita ta nan. Sai ya zauna yana gugar bangon jakar. Duk sa'ad da jakar ta kumbura sai ta ƙara mannewa da maƙwabcinta, wato farkon hanji, guntun nan mai tsawon santimita 25 da ke karɓar abinci daga tumbi. Yau kumburi, gobe guga, har bangon biyu su huje, ƙofa ta buɗe tsakanin matsarmama da hanji a inda ba a halicci ƙofa ba. Ruwan da ya taru ya sami magudana, ciwo ya lafa, mai ciwo ya ɗauka waraka ce. Wata rana kuma dutsen da kansa ya bi ta wannan ƙofa. In ƙarami ne ya wuce da bayan gida ba wanda ya sani. In ya kai santimita 2 da rabi ko ya ɗara, yana iya tsayawa ya toshe hanji kamar yadda ƙwallon mangwaro ke toshe kwata.

Ranar ta Hajiya ta same ta nesa da gida. Babbar ɗiyarta, ƴar fari, ta daɗe tana aure a Liyon. Goggonta ce ta ɗauke ta tun yaye ta kai ta Yamai, can ta yi boko, can ta yi aure, daga nan aikin miji ya kai su Faransa. Tsakaninta da uwarta akwai kunyar nan ta ɗan fari: Hajiya ba ta taɓa ambatar sunanta ba, ba ta kallon ta ido cikin ido, in za ta kira ta sai ta ce "ke". A watan Oktoba na 2019 aka sa auren ɗiyar wannan ƴar fari, aka nema wa Hajiya biza da tikiti, ta hau jirgi karo na biyu a rayuwarta, bayan na Makka. Shekarunta 68 a lokacin, tana fama da ciwon sukari da hawan jini.

Kwana uku bayan biki amai ya soma. Duk abin da ta ci sai ya ɗan jima ya dawo, daga baya har ruwa. Gidan bene ne ƙarami, makewayi yana jikin ɗakin da surukinta ke zama, mutumin da shekara ashirin da bakwai ba abin da ke haɗa su sai gaisuwa, shi a durƙushe, ita fuska a kauce. Yaya za ta yi kakari suruki yana ji? Sai ta riƙa sakin famfo don ƙarar ruwa ta rufe nata, in dare ya yi kuma ta yi cikin leda ta ɗaure. In an tambaye ta sai ta ce: "Lahiya lau, sanyin garinku ne bai karɓe ni ba." Haka ta yi kwana huɗu. A na biyar, da asuba, ta yi sujada ta kasa ɗagowa. Ɗiyar ta tarar da ita kife bisa darduma, leɓe a bushe, idanu sun zurma, aka kira motar asibiti.

Abu na farko da aka yi shi ne ƙarin ruwa, domin gwajin jini ya nuna ƙoda ta soma gazawa saboda bushewar jiki. Aka zura mata siririn tiyo ta hanci zuwa tumbi, ya zuƙo ruwan da ya taru ya rasa hanya, fiye da lita guda. Sa'an nan aka shiga da ita sikana. Tun 1941 wani likitan hoto na Amurka, Leo Rigler, ya bayyana alamu uku da ke tona asirin wannan cuta: kumburin ciki daga saman inda ya toshe, iska cikin hanyoyin ruwan ɗaci inda iska ba ta da abin yi, da dutse a wurin da ba mazauninsa ba. Duka ukun sun fito a hoton Hajiya. Dutsen kuwa santimita 4 ne, kusan ƙwan zabuwa, ya cushe a bakin hanji daidai mafitar tumbi.

Likitar da ta zo da hoton, wata mace mai furfura, ta ce wa ɗiyar ta tambayi uwarta ko ta taɓa jin ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Ɗiyar ba ta ko juya ba ta amsa da Faransanci cewa a'a, uwarta mace ce mai ƙarfi, ba ta taɓa kwanciya ciwo ba in ban da masassara. Likitar ta ce daga bakin marar lafiya take so ta ji, domin dutse irin wannan ba ya girma cikin shekara ɗaya ko biyu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Hajiya ta juya fuska ga bango ta soma magana: tun shekara biyu bayan rasuwar malam, da murɗar dare, da kanwa, da ƙwayoyin tire, da takardar da ke ƙarƙashin kwalla, da kwana takwas na 2014. Ba wani tafinta a ɗakin, saboda haka kowace jimla sai ta bi ta bakin ɗiyar kafin ta isa kunnen likita. Wannan mata da ke aika kuɗi kowane wata, ta buga waya kowace Juma'a, kowace Juma'a kuma a ce mata lahiya lau, ita ce ta tsaya tana juya ciwon uwarta na shekara goma sha ɗaya zuwa harshen wasu, tana jin sa karo na farko. Da likitar ta fita ta ce: "Inna, don mi ba ki faɗa ba?" Hajiya ta ce, har yanzu fuska ga bango: "In faɗa miki ki yi mi? Ki bar ɗakinki ki taho?"

Cutar tana da suna, kuma sunan ɗan garin ne. Léon Bouveret, likitan Liyon da ya rayu daga 1850 zuwa 1929, shi ne ya bayyana a 1896 labarin majinyata biyu da dutsen matsarmama ya toshe musu mafitar tumbi, shi ya sa ake kiran wannan nau'i da sunansa. Shigar dutse hanji kuwa an san ta tun kafin shi: Thomas Bartholin na ƙasar Danmak ya rubuta ta a 1654, likitan fiɗa Ludwig Courvoisier na Suwizalan kuma ya tattara labarin mutum 131 a 1890. Galibi dutsen yakan gangara ne cikin ƙaramin hanji, mai tsawon kusan mita 6, ya je ya maƙale can ƙarshe inda hanyar ta fi ƙunci. Wanda ke tsayawa tun daga bakin ƙofa, kamar na Hajiya, bai wuce 1 zuwa 3 cikin 100 na masu wannan toshewa ba. Sai dai cikin rashin sa'a akwai sa'a, domin wurin da ya tsaya wuri ne da tiyo mai ido ke iya kaiwa.

Wannan tiyo, wanda likitoci ke kira andoskop, kaurinsa kamar ɗan yatsa ne, tsawonsa ya ɗara mita guda, yana lanƙwasa duk inda aka juya shi. A bakinsa akwai fitila da ƴar kyamara, a cikinsa kuma akwai rami da ake zura kayan aiki. Basil Hirschowitz da abokan aikinsa suka ƙera na farko mai lanƙwasa da zaren gilashi a Jami'ar Mishigan ta Amurka a 1957, kuma shi ya fara haɗiye shi da kansa kafin ya sa wa majinyaci. Da farko leƙe kawai ake yi da shi. Sannu a hankali aka koyi aiki da shi, har a 1985 wasu likitocin Italiya suka ba da labarin fiddo irin wannan dutse ta baki.

Likitoci biyu suka zauna da iyalin. Na fiɗa ya ce hanyar da ta fi tabbas ita ce a buɗe ciki, a tsaga hanji ko tumbi, a ciro dutsen, amma ga mai shekara 68 da sukari da hawan jini da ƙoda mai rauni, aikin yana da haɗari babba. Mai tiyo ta ce za ta gwada, amma ba ta yi alkawari ba: mai yiwuwa a shiga sau biyu ko uku, mai yiwuwa dutsen ya ƙi fashewa, mai yiwuwa kuma hanji ya huje ko wani ɓari ya kuɓuce ya je ya toshe can ƙasa, in haka ta faru kuwa ba makawa sai wuƙa, cikin gaggawa. Saboda haka kafin a soma sai Hajiya ta yarda da aikin fiɗa ko da za a bukace shi. Nan ta kafe. Ta ce ba za a yanka ta a ƙasar wasu ba, a maida ta gida ta mutu a ɗakinta. Ɗiyar ta yi bayani, ta yi lallashi, ta ce ba jirgin da zai ɗauke ta a haka, duk a banza.

Surukin ne, wanda tun safe yake tsaye a bakin ƙofa, ya cire hula ya durƙusa daga wajen ƙafar gado, kai a sunkuye. Ya ce: "Inna, ki gafarce ni, yau zan yi maganar da ban taɓa yi ba. In kika ƙi, ɗiyarki za ta ƙare rayuwarta tana ganin ita ta kawo ki nan kika rasu. Jikarki kuma duk ranar da ta tuna aurenta, makoki za ta tuna." Ɗakin ya yi tsit. Can Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska, ta miƙo hannu aka ba ta alƙalami, ta yi ɗan zane a inda aka nuna mata.

Shiga ta farko ba ta yi nasara ba. Aka sa ta barci, aka tsare hanyar numfashi don kada ruwan ciki ya kwarara huhu, tiyo ya bi maƙogwaro ya sauka tumbi, ya leƙa mafita. Ga dutsen nan a allon talabijin ya cika hanya fam, a gefensa kuma ga bakin ramin da ya fito. Aka zura wani ɗan kwando na waya da ke buɗewa ya rungumi dutse, amma ba sarari tsakanin dutsen da bangon hanji da kwandon zai buɗe. Bayan sa'a guda ana fama, ɗan ɓawo kawai aka ɓantaro, aka janye.

Bayan kwana biyu aka koma da wata dabara. Aka cika wurin da ruwan gishiri, aka zura siririyar waya ta ramin tiyon har bakinta ya kusa taɓa dutsen. Duk sa'ad da likita ta taka abin takawa, sai tartsatsin lantarki ya tashi cikin ruwan, ya haifar da bugu kamar ƴar ƙaramar tsawa, bugun ya faɗa wa dutsen. Gwanintar ita ce a saita bakin wayar ga dutse kaɗai, domin in ya kauce ya sami bangon hanji zai iya huda shi. A wasu asibitoci da hasken leza ake wannan fasa, a wasu kuma da bugun da ake aikawa daga wajen jiki, dabarar da likitocin birnin Munik na Jamus suka soma a kan tsakuwar ƙoda a 1980. Bayan ɗaruruwan tartsatsi dutsen ya soma ɓarewa riga-riga kamar albasa, kowace riga aikin wasu watanni ko shekaru, daga ƙarshe ya rabe manya uku da ƙanana masu yawa.

Fasawa rabin aiki ce. Duk ɓarin da aka bari ya gangara yana iya zama sabon matoshi a inda wannan tiyo ba ya kaiwa. Sai aka riƙa kama su ɗaya bayan ɗaya da ƴar raga, a jawo su baya cikin tumbi, a murƙushe manyan, a fiddo su ta baki. Tiyo ya shiga ya fita fiye da sau ashirin, sa'a biyu da rabi ana abu guda. Aka sake shiga karo na uku aka kwashe saura. Duk da haka hoton sikana ya nuna wani ɓari guda ya sulale ya yi ƙasa. Girmansa bai kai na toshewa ba a lissafin likitoci, amma likitan fiɗa ya ce a bar ta kusa da shi. Kwana uku ana jira. Matar da ta ɓoye ciwo shekara goma sha ɗaya, ga ta yau safe da yamma ana tambayarta labarin bayan gidanta, ɗiyarta ta fari tana fassarawa. A rana ta uku ɓarin ya fita. Da maraice ɗiyar ta dama kunun gero marar kauri ta kawo cikin ɗan kwano, ta ba ta da cokali. Kunun ya zauna. Rabon da abinci ya wuce tsakanin hannun ɗayarsu da bakin ɗaya tun ranar yaye.

Ranar sallama, bayan kwana 17, likitar ta kawo ɓaraguzan cikin kwalba, ta kuma faɗi gaskiyar da ba ta so iyalin su tafi ba su ji ba. Ta ce Hajiya ta yi sa'a. An daɗe cikin masu irin wannan toshewa da ƙyar ake fid da ɗaya cikin goma ta hanyar tiyo. Da zuwan tartsatsi da leza rabon ya ƙaru sosai, amma har yanzu da yawa sai an yi musu fiɗa. In dutsen ya maƙale can ƙarshen hanji kuwa, ko da yake akwai dogayen tiyo masu balan-balan da aka ƙirƙiro a Japan a 2001, aikin fiɗa shi ne magani ga mafi yawa, kuma a nan jinkiri ke kisa. Ƙofar da dutsen ya huda an bar ta, domin takan rufe da kanta in ba sauran tsakuwa, kuma eko ya nuna matsarmamar ta motse, ba kome a ciki. Amma sai an riƙa dubawa, kuma duk ranar da zazzaɓi ya zo tare da ciwon gefen dama, ko idanu suka yi shawara, ko amai ya ƙi tsayawa, a nufi asibiti a ranar.

Sa'an nan ta ƙara da abin da ya fi tsaya wa ɗiyar a rai. A wannan gari na Liyon, a 1987, likita Philippe Mouret ya cire matsarmama ta ƴan ƙananan huji da taimakon kyamara, shekara biyu bayan Erich Mühe ya yi irinsa a Jamus. Yau aiki ne na yau da kullum, majinyaci kan koma gida cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma mutum na rayuwa lafiya ba matsarmama, domin ruwan ɗaci sai ya riƙa zuba hanji kai tsaye. Cire ta ta hanyar buɗe ciki ma an san shi tun 1882, lokacin da Carl Langenbuch ya fara yi a Balin, kuma aiki ne da ake yi a manyan asibitocin Nijar. Eko na ƴan mintoci ya isa ya nuna tsakuwar tun tana cikin jakarta. Duk wannan tsawa da raga da kwana 17, da bashin da surukin ya shekara biyu yana biya bayan abin da kamfanin inshora ya ɗauka, abin da ke rubuce a takardar nan ta ƙarƙashin kwalla ya isa ya tare su.

Ba a ce tsoron Hajiya ba shi da tushe ba. Ta ga wadda aka shiga da ita ba ta fito ba. Amma akwai wani zagaye da ke cin mutane a nan: marar lafiya ya ƙi zuwa sai ciwo ya ci ƙarfinsa, a yi masa aiki a makare ya rasu, masu kallo su ce wuƙa ce ta kashe shi, su ma in nasu ya zo su ƙara jinkiri. Aikin da aka shirya shi da rana tsaka ga mai sauran ƙarfi daban yake da wanda aka yi da tsakar dare ga wanda ya kwana biyar yana amai. Akwai kuma lissafin gida, wanda a cikinsa ciwon maigida na gaba, na yara na biye, na uwa kuwa sai abin da ya rage, kuma sau da yawa ita da kanta ke maida kanta ƙarshen layi, a yaba mata a ce ga mai haƙuri. Haƙuri da abin da ba shi da makawa ado ne ga mai shi. Shiru a kan ciwon da ke da magani kuwa bashi ne, kuma waɗanda aka yi shirun don a sauƙaƙa musu, su ne ke biyansa da riba.

Hajiya ta dawo Maraɗi a watan Disamba na 2019. Abu na farko da ta nema shi ne takardar, ta same ta inda ta bar ta, ta yi jaja-jaja, tawadar ta kusa gogewa. Tare take ajiye su da kwalbar. Ta bar suya ga ƙannen ɗiyarta, amma zaure bai rabu da mata masu sayen mai ba, kuma duk wadda ta ga tana dafe gefen dama sai ta tsare ta da tambaya: bayan cin mi yake zuwa, yana fita ta baya, tun yaushe? Biyu ta raka da ƙafarta har ɗakin eko. Ɗaya ba a ga kome ba, ɗayar aka ga tsakuwa, aka yi mata aiki, ga ta nan tana tallar furarta.

Wayar Juma'a ba ta fasa ba. Har yau Hajiya ba ta ambaci sunan ɗiyarta ta fari ba, kuma ba mai sa ran za ta ambata. Sai dai in muryar nan ta Liyon ta ce: "Inna, yaya jiki?" amsar ta sake. "Ke, gwiwar hagu tun Talata take damuna, sukari kuma ya ɗan hau, na je an auna." Daga can ɗiyar takan ce: "To madalla, Inna. Sai mi kuma?"